Haruffan Baƙar Taga Sun Ƙi Zama Yadda Na Bar Su

Zuwa ga Shugaban Sashen Kwamfuta na ma'aikatarmu, Dutse.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai, ranka ya daɗe, da duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, wani gagarumin al'amari: haruffan kwamfutata sun sake ƙanƙancewa.

Na ɗaya. Tun bayan Babbar Sallah aka ɗora mini shigar da lambobin malaman makaranta ta baƙar tagar nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Rubutunta kamar an watsa gero a ɗaki mai duhu, ni kuwa littattafai sun riga sun ci rabonsu a idona. Kullum da safe sai na ƙara girman haruffa, na mai da bangon fari. A ɗauke wuta, a tada janareta, kwamfuta ta farka ta manta da ni ƙaf, kamar ba mu taɓa gaisawa ba.

Na biyu. Na yi ta zarya sashenku. Aka ce in kashe in kunna. Ranka ya daɗe, ai kashewa da kunnawar su ne ciwon.

Na uku, kuma a nan dariya ta ƙare. Makon jiya wuta ta dawo, layin masu jira ya yi tsawo, ban tsaya gyara haruffan ba, na karanta takwas a matsayin uku. Wata malama, mai wannan lambar, ta taso tun daga Miga da goyo, aka ce babu sunanta, ta koma. Yanzu ina jin ƙishin-ƙishin za a mai da ni sito, wai idona ya gaji. Tun da na ji na kasa zama wuri ɗaya. Har a gida, can unguwar Yalwawa, an fara tambayata ko lafiya.

Roƙona: a sa kwamfuta ta riƙe abin da aka gaya mata, a kira malamar a gyara mata, a bar ni a kujerata. Allah Ya ƙara maka basira, Ya tsare maka ganinka.

Sai dai da na buɗe wurin saitin yanzu don in kwafo maka sunansa daidai, na ga ashe biyu ne: ɗaya na tagar da ke gabana, ɗaya na dindindin. Na farkon nake ta dannawa. Na gwada na biyun, na kashe na kunna, haruffa sun zauna daram.

Laifin nawa ne. A gyara wa malamar, ko da sito za a kai ni.

Wassalam.