Takalmin Masu Kumburin Ƙafa

Abuja, 3 ga Mayu

Rukayya ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da Baba, na leƙa shafin intanet da na buɗe wa shagonsa, na ga ɓarnar da kika yi. Ni "Takalma" na sa a kai, kalma ɗaya da dubban mutane ke nema kullum a Gugul. Ke kuma kin zuba "mai ɗinka takalmin fata mai faɗi na masu kumburin ƙafa a Bauchi". Wannan take ne ko huɗuba? Ki mayar yadda yake. Ki kuma tuna, in Babbar Salla ta zo ciniki bai motsa ba, Baba zai rufe shago ya dawo wurina.

Yayanki,
Mika'ilu

Ƙofar Dumi, 9 ga Mayu

Yaya,

Wa alaikumus salam, ina gaida Anti da yara. Ba zan mayar ba.

Wata huɗu "Takalma" ɗinka na kai, muna can shafi na goma sha tara a Gugul, bayan manyan kantunan Legas. Ko ni da nake 'yar Baba sai da na gaji kafin na gano mu. Mai rubuta "takalma" kallo ya zo yi. Wanda ya zauna ya rubuta doguwar magana kuwa ƙafarsa ce ke ciwo, kuma a nan Baba ba shi da na biyu.

Ranar Litinin wata nas, Charity, ta kawo mahaifiyarta daga Miri. Shekara biyu tsohuwar na yawo da silifa saboda ciwon suga. Na ce Charity ta nuna mini abin da ta rubuta a waya, sai ga shi kusan kalma da kalma irin nawa. Baba ya durƙusa ya zana ƙafar a kwali yana ta zolayarta. Rabon da in ji dariyarsa tun rasuwar Inna.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka huta lafiya.

Rukayya

Abuja, 12 ga Mayu

Rukayya,

Bayan gaisuwa, na canza lambar sirrin shafin, na mayar da takena. Kina tsammani ban san dogon ya fi kawo mutane ba? Na sani sarai. Baba ya haura saba'in, allura ma sai kin zura masa zare. Na gyara masa ɗaki a nan. Ki bar shagon ya mutu da kansa, kada a ce mu muka kashe shi. Tsoro nake ji, Rukayya.

Yayanki

Ƙofar Dumi, 15 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta wa Baba wasiƙarka, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Sai da ya gama yanka fatar da ke hannunsa, sannan ya ce in buɗe sabon shafi. Na buɗe, da dogon takena. Shi ya ƙara masa sunansa da bakinsa: "Malam Hammadu yana nan, bai tashi ba."

Ya ce a gaya maka Allah ya yi maka albarka, ɗakin kuma ka riƙa sauke baƙi.

Ƙanwarka,
Rukayya