Kyamarar Da Za Ta Riƙe Mini Muryar Baba

Anti Batulu, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Mahaifina manomin doya ne a Obi. Tun Ista ciwon hanta ya kwantar da shi, yanzu yana wurina a Bukan Sidi, kuma likita ya ja ni gefe ya gaya mini gaskiya. Da Mama ta rasu, hotunanta da muryarta duk suna cikin wayata, aka zare wayar a Keke Napep. Hoton katin zaɓenta kaɗai ya rage mini. Wani lokaci ina tuƙa tuwo sai in nemi yadda take kiran sunana, in rasa.

Ba na so a maimaita. Ina son ƙaramar kyamara mai hoto da bidiyo, domin da yamma Baba yakan yi wa 'yata Erdoo waƙoƙin yarenmu na Tibi, ni kuwa rabin yaren ya kuɓuce mini. A shago an nuna mini biyu: ɗaya tana jawo abu daga nesa, ɗaya tana da wurin saka makirfo. Ɗakin da duhu, muryarsa ta yi ƙasa. Yayana Sesugh kuma ya ce ɗaukarsa kamar haƙa masa kabari ne yana raye. Tun ranar ba ma magana sosai.

Mai Kuka a Ɓoye, Lafia

'Yar'uwa, sannu da jinya.

Ɗauki mai makirfo. Baba ba nesa yake ba, a gabanki yake, kuma murya kike nema. Kafin ki biya, gwada ta a lungun shagon mai duhu, ki yi magana ƙasa-ƙasa, ki saurara. Ki duba ko hoton yana rawa in hannunki ya motsa. Ta hannu ma ta isa. Haɗa da batir na biyu saboda ɗaukewar wuta, da katin memori biyu, kuma duk abin da kika ɗauka ki ajiye kwafi a wani gidan.

Sesugh ba mugunta yake yi ba, tsoro ne, kuma yana da gaskiyarsa: marar lafiya ba abin kallo ba ne. Baba za ki tambaya. In ya ƙi, ki haƙura. In ya yarda, kafa kyamarar a kan tebur, ki manta da ita, ki zauna kusa da shi ki riƙe hannunsa. Ki kira yayanki ya fassara waƙoƙin.

Kada zaɓe ya cinye miki mako guda. Yau ma ki fara da wayar da ke hannunki.

Allah Ya ba Baba sauƙi, Ya ƙarfafa zuciyarku.

Anti Batulu