Samar Tsohon Garin Iya

Litinin, 7 ga Yuli
Na gama gina garin yau. A cikin kwamfuta dai. Masallaci, rumbuna, rijiya, kukar bakin kasuwa, gida-gida kamar yadda kakata Iya Hasiya ta riƙa zana min a ƙasa da tsinke tun bara. Garinsu ne da ruwan Tiga ya cinye tun kafin a haifi babana. Likitan ido a Kano ya ce ganin Iya raguwa zai yi ta yi, ba ya dawowa. Ita kuma ta ce tunda ni jikarta na yi karatun zanen gini, ita ma sai ta ga amfanin karatun nawa kafin fitilar ta mutu. Haka take magana, babu sassauci.

Laraba, 9 ga Yuli
Na sa a fitar da hoton farko. Baƙi ƙirin! Na zauna ina kallon fuskata a allo kamar wata sakarya.

Asabar, 12 ga Yuli
Na kira Munir, abokin karatuna da ke aiki a Kano. Sai da ya gama dariyarsa tukuna. Wai, "Shamsiyya, samarki ce ta yi wa garin kaɗan." Ashe sama a manhajar nan ƙwarya ce da aka kife a kan gini, aka liƙa hoton gajimare a cikinta. An yi ta daidai gida ɗaya, ni kuwa na kawo gari guda. Da na ja kyamara baya don komai ya shigo, sai ta fita bayan ƙwaryar, shi ne duhun.

Na ƙara girman ƙwaryar. Sama ta fito, amma rabin garin ya ɓace, daga masallaci zuwa gabas kamar an yanka da wuƙa. Ita ma kyamarar tana da iyakar gani, na ƙara mata. Da na ƙara, sai bangaye suka kama kyarma, wani na leƙowa ta cikin wani. Kwamfutar ta yi zafi har na ɗora ta a kan faifai ina mata fifita.

Ina cikin masifa sai na ɗaga kai ta taga. Subhanallah. Tawa ƙwaryar ta kasa rufe ƙauye ɗaya, ga wadda ta rufe Bebeji da Kiru da duk inda ban sani ba, babu ginshiƙi, babu inda aka yi mata ɗinki. Kunya ta kama ni, ban san ta wa ba.

Alhamis, 17 ga Yuli
Ya fito! Daga sama, garin gaba ɗaya, har da inuwar kuka. Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Munir ya ce irin wannan hoton ake nuna wa masu ba da aiki.

Lahadi, 20 ga Yuli
Na hau mashin na kai wa Iya kwamfutar a gidan Kawu Tasi'u, can bakin dam. Ta kawo fuskarta dab da allon, ta daɗe. Sai cewa ta yi, "Ke 'yar nan, shaho kika yi wa wannan? Ni ban taɓa tashi sama ba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Wata nawa ina wahala. Na ce, "Iya, ga masallacinku nan fa." Ta ce ta yarda, amma ita ba ta taɓa ganin kan masallaci ba, ƙofarsa ta sani.

Na dawo gida na rufe kwamfutar na kwanta.

Talata, 22 ga Yuli
Na sauko da kyamara ƙasa. Farko ta faɗa cikin bango, toka-toka kawai nake gani. Na matsar, ta faɗa cikin rumbu. Da ƙyar na tsayar da ita a ƙofar zaure, a tsayin namiji a tsaye, don haka manhajar take zuwa. Sai na tuna Iya ba a ƙofar zaure ta yi rayuwarta ba. Na kira Kawu ya miƙa mata waya. Na ce ina take zama? Ta ce a bakin ɗakinta, kan tabarma, turmi na hannun dama, tana fuskantar gabas, ɗanta Muhammad na goye.

Na shigar da kyamarar tsakar gida, na zaunar da ita. Abin da na gani ya ba ni tsoro. Gidajen da na kwashe watanni ina ginawa duk sun ɓuya. Sai guntun katanga, kan rumbu, reshen kuka ɗaya. Sauran allon duka sama ce. Ashe garin da Iya ta sani, kashi mafi yawa sama ne.

Ga shi samar da na liƙa ta cikin manhaja ce, ta wata ƙasa, shuɗiya fes, har da farin layin jirgi.

Alhamis, 24 ga Yuli
Na gwada kala-kala daga cikin na manhajar. Ko ɗaya. Wata ma dusar ƙanƙara ce a gindinta.

Kawu ya ce ganin Iya ya ƙara ja baya, jiya ta miƙa wa 'yarsa Hasana gaisuwa tana kiranta da sunan ƙanwarta Ruqayya.

Asabar, 26 ga Yuli
Kawu Tasi'u ne ya faɗa, a cikin wasa ma, yana gyaran raga. "To ai ƙasar ruwa ya ci, bai ci saman ba. Tana nan inda muka bar ta."

Bayan Azahar muka shiga kwalekwale. Ni da ko rafi ban iya tsallakewa ba! Na rungume waya a ƙirji ina ta karanto duk addu'ar da na sani, shi kuwa yana tsokanata wai injiniya ta zama kaza. Mun yi nisa, ya saita wani dutse da wata bishiyar giginya a gaɓa, ya ajiye filafili. Ya ce a nan ragarsu ke yawan sarƙewa, masunta na cewa kututturen kukar ne. "Gidanmu na ƙarƙashinki."

Na leƙa ruwan, ban ga komai ba sai kore. Na ɗaga kai.

Ban san yadda zan rubuta ba. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi a gindi, fari tas a sama kamar audugar da aka tara, yana hawa yana hawa. Ta kudu, wajen Doguwa, ruwa na zuba a tsaye kamar zare, mu kuwa rana na dukanmu. Ko'ina ka juya babu katanga, babu waya, babu rufin kwano. Na ji na ƙanƙance har na manta abin da ya kawo ni, sai da Kawu ya ce, "Ɗauki mana, kafin ya iso mu."

Na riƙa juyawa ina ɗauka, kwalekwale na rawa. Mun dawo a jiƙe sharkaf.

Talata, 29 ga Yuli
Hotunan sun ƙi haɗuwa, gefen duniya ya karkace kamar ɗaurin zanen gaggawa. Na yi ta miƙe su ɗaya bayan ɗaya. Rana kuma ta faɗo ta arewa, sai da na juya ƙwaryar har inuwar turmi ta kwanta inda ya kamata. Akwai wani ɗinki ta bayan kyamara da na kasa ɓoyewa. Oho, Iya ba ta waiwaye.

Juma'a, 1 ga Agusta
Kawu ya aro babbar talabijin, muka rufe taga, muka shimfiɗa wa Iya tabarma a gabanta. Na kunna.

Iya ta ƙura wa allon ido.

Ta ce, "Matsar da ni hagu kaɗan." Ni ta ce, ba kyamara ba. Na matsar. Ta miƙa hannun dama tana lalube a iska, daidai inda turmin yake. Katangar ba ta gani sosai, na lura, amma hasken ta gani. Ta ɗaga haɓa ta ce, "Wannan hadarin ba zai kai Magariba ba zai sauko." Sai ta ƙwala wa wata Balaraba kira ta kan katanga, ta kwashe shanyarta. Kawu ya juya baya yana share fuska da hula. Balaraba maƙwabciyarsu ce, ta rasu tun shekarar da aka tashe su.

Iya ta yi dariya da kanta, ta ce ta sani, ba ta haukace ba. "Ku dai bar ni a nan."

Har aka kira La'asar ba ta motsa ba. Ni ma na yi kuka, a bayan ƙofa.

Laraba, 20 ga Agusta
Munir na ta kira in turo masa hoton sama-sama, wai akwai mai son ba ni aiki a Abuja. Na ce gobe. Jiya ma gobe na ce.

Na je wajen Iya. Ta ce in kunna. Na kunna, ta ce haske kawai take gani yanzu, in gaya mata sauran. Na fara: turmi na dama, rumbu na gabanki, in kin fita zaure kin yi hagu sai rijiyarmu, daga nan gidan su Balaraba, sai lungun da ke kaiwa masallaci. Ta ce, "Kin tsallake dalbejiyar." Na ce ban tsallake ba, Iya, ba mu iso ba tukuna.

Sai da Hasana ta shigo da abinci ta ce ai wuta ta ɗauke tun ɗazu. Ban lura ba.