Bana Ruwa Zai Riga Ni Zuwa Agege

Zuwa ga uwargidana, Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'imarsa. Ni ne Malam Idi, nake rubuto miki daga Greensboro, daga gidan ɗanki na fari, wanda har kika koma ga Allah kunya ba ta bar ki kin kira sunansa ba. Ni dai zan kira: Nura.

Albishirinki. Maryam matarsa ta sauka lafiya, mace aka samu. An yi suna, an sa mata sunanki. Ummi muke ce mata, don Nura ba zai iya buɗe baki ya ce Rabi ba. Kunnuwanki ne sak ta ɗauko. Tun ranar bakina ya ƙi rufuwa, har wani Alhaji ɗan Damagaram ya tare ni a masallaci ya ce ko sarauta aka ba ni ban gaya musu ba.

Amma akwai maganar da nake so ki ji daga bakina. Kin san tun da muka kai ki makabartar Agege, duk watan Mayu nakan je da shebur in ƙara ƙasa a kabarinki, kafin babban ruwan Yuni ya zo ya lotsa shi. Tikitina na komawa na wannan makon ne. Na daɗe ina jujjuya abin a raina.

Garin nan ma bai taimake ni ba. Na zaci Amurka sanyi ce kawai. Ashe idan Mayu ta yi nisa, iskarsu nauyi take yi, riga ta manne wa mutum a baya, da la'asar hadari ya haɗu ya yi tsawa. Jiya na tsaya a baranda ina kallon ruwa yana dukan motoci a titin Gate City, na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar kwalta, sai ga ni a Ikko.

Kin tuna a Mayu muka sauka Ikko, Nura yana goye a bayanki? Mu da muka saba da zafin Gusau mai ƙona fata, muka tarar da wani zafi mai jiƙa mutum. Rana ba ta fito sosai ba, amma gumi kamar an watsa maka ruwa. Kika dube ni kika ce, "Malam, garin nan wanka yake yi wa mutum ba da izininsa ba."

Gishirinki ya narke a kwano. Ashana ta ƙi kamawa. Kilishin da muka zo da shi tsaraba ya yi fumfuna kafin mu raba. Takalmin sallata ya yi kore a ƙarƙashin gado.

Da rana ta karkata iskar teku takan taso, mu fito da tabarma ƙofar ɗaki mu ɗan sami numfashi. Ba a jimawa sai gari ya yi baƙi daga kudu, ruwa ya sauko a kan rufin kwano har ba ma jin maganar juna, kwata ta cika ta malalo tsakar gida. A cikin irin wannan ruwan kike tura ni ajin yamma, da furfurata ta fara fitowa, littafina a cikin leda, wandona a naɗe har gwiwa. Nakan ce yau dai a bari. Ke kuwa sai ki miƙo min lema.

Sai kuma maganar shanya. A gida, mace ta shanya kaya kafin ta gama tuwo sun bushe ƙayau. Haka kika yi wa rigunan Nura, kika kwashe su da ɗan sanyi-sanyinsu kika sa masa. Ba mu san a can akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a jikin tufa mai danshi ba. Ƙurji ya fito wa yaron a baya, ya hana shi barci, ya hana mu. Iya Ganiyu, maƙwabciyarmu Bayarabiya, ita ta duba ta shafa basilin a kai, ta matse, sai ga tsutsa. Kika yi kuka fiye da yaron. Ta ce, "Amariya, a nan ko hular jariri sai an goge."

Daga ranar, dutsen guga na gawayi bai ƙara hucewa a ɗakinmu ba. Da jegon 'yarmu Hadiza ya kwantar da ke, ni na karɓa, maza suna yi min dariya a zaure.

To, Hajiya, a nan ma na ɗauki dutsen guga. Suna da injin da ke busar da kaya da zafi, kuma Nura ya gaya min babu wannan ƙudan a ƙasar nan. Na ce na ji. Na ci gaba da goge 'yan rigunan Ummi, har safa. Ya yi dariya ya ƙyale ni.

Maryam ba ta yi dariya ba. Mahaifiyarta tana Jos, ba a ba ta biza ba. Nura tun safe yake fita aiki. Babu mai dafa mata ruwan wanka, babu mai karɓar yarinya ta runtsa. Shekaranjiya ina guga a falo, ta fito da idanu jajaye, ta aje min Ummi a cinya, ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Baba, idan kun tafi, gidan nan shiru zai yi min yawa." Nan take barci ya ɗauke ta a jingine da kujera.

Na san abin da za ki ce. Duk lokacin da na tsaya gyaran rufi yaro yana kuka, cewa kike, "Malam, bar kwanon nan, ɗauki mai numfashi tukuna."

Saboda haka na sa Nura ya ɗaga tikitin. Bana ruwa zai riga ni zuwa wurinki, Rabi. Na kira ƙanenki Sale, na yi masa kwatancen gefen da ruwa ke gangarowa, na ce ya nemi jar ƙasa, kada ya zuba yashi, ya kuma danna ta da ƙafa sosai. Ya ce zai yi. Na san ba zai yi kamar nawa ba, kuma wannan yana damuna. Ki yi haƙuri da ni har damina ta ja baya.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa duk ɗigon da zai sauka a kansa bana ya zama rahama. Allah ya raya Ummi, ya ba ta halinki, ya ba uwarta lafiya. Ya haɗa mu a gidan da ba a rabuwa. Amin.

Ummi ta farka, tana neman a ɗauke ta. A nan zan tsaya.

Naki har gobe,
Malam Idi, kakan Ummi