Farfelar Jirgi Ta Kama Rigar Baba

Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Ina matarka da yara? Allah sa kuna lahiya.

Ran Talata ƙaramin jirgin wani ɗan kwangila ya sauka a fili kusa da Kajiji. Ka san Baba, baƙo ba ya iske shi zaune. Farfela ba ta gama tsayawa ba ya matsa, ya ɗaga hannun babbar rigarshi zai gaisa, sai ta kama rigar ta fizge shi.

Muna asibiti Sakkwato, ga magani ya yi wuya. Likita ya ce sai jibi za a san ko hannun dama zai tsira. Ba mu gaya mishi ba. Shi tambayarshi ɗaya, ko an ba baƙon ruwa.

Ku sa shi cikin addu'a, ka gai da mutanen gida. In za ka taho, kada ka jira jibi.

Ƙanwarka,
Saratu