Motarku Ta Raba Baba Da Makarar Inna

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke gwajin mota marar direba a titinmu na gefen Makoda,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Garba Ɗan'asabe, manomin gyaɗa da gero ne ni, a ƙauyen da farar motarku take ratsawa tsakanin gonarku da sito. Na kai kukana ga yaranku na bakin get, suka ce abin ya fi ƙarfinsu. Shi ya sa na fito fili.

Ka fara sanin ko mu su wane ne. Kwaltar nan ta raba garinmu biyu: gidaje a gabas, gonaki da maƙabarta a yamma. Tun da aka shimfiɗa ta muke tsallaka ta, ba danja, ba ɗan sanda, kuma muna da yarenmu da direbobi wanda ba wanda ya koya a makaranta. Tsoho ya ɗaga sanda, direba ya ƙifta masa fitila, an gama magana. Mace da tulu a ka ta dubi ɗan acaba, ya kaɗa mata kai ta wuce. Hon gajere gaisuwa ne, dogo kuwa faɗa ne. Duk wannan da ido ake yin sa, sai ka ga idon mutum ka san ya gan ka kafin ka sa ƙafa. Ina alfahari da wannan, ban ɓoye ba.

Akwai kuma wadda ta fi duka. Idan makara ta fito, titi nata ne. Direban bas yakan kashe mota ya sauko, shi da fasinjansa, su karɓi ɗauka ko da taku kaɗan ne, alhali ba su san mamacin ba. Ba mai tayar da inji sai mutum na ƙarshe ya tsallaka, kuma na ƙarshen nan kullum tsoho ne.

Ga abin da ya faru. A kakar nan Allah ya karɓi ran mahaifiyata, Inna Hansai. Bayan sallar jana'iza muka nufi maƙabarta da hantsi. Motarku ta zo, ta tsaya, gaskiya ba zan rage mata wannan ba. Matasa suka tsallaka da makara. Mahaifina, Malam Sale, yana baya da sandarsa, don gwiwa ta hana shi sauri. Da motarku ta ga fili tsakaninsa da jama'a, sai ta yi wani ɗan kuka, ta kunna rubutun Turanci a goshinta, ta taho. Baba ya ɗaga mata sanda yadda ya saba, ya leƙa gilashi yana neman idon direba, ya ga kujera wayam. Ya ja da baya har ya zauna a ƙasa, ita kuwa ta bi ta tsakaninsa da gawar matarsa ta yi gaba abinta.

Ba ta taɓa shi ba, yaranku sun nanata mini haka. Amma sai da na koma na riƙo hannunsa na tsallakar da shi kamar yaro, mutumin da shi yake tsallakar da makafin garin nan. Tun ranar bai sake taka kwalta ba. Gonarsa tana can, kabarin Inna yana can, shi yana nan a dakali yana hangen su. Da na matsa masa sai ya ce, “Garba, wanda ba shi da ido, da me zan roƙe shi hanya?” Wannan magana ta ƙona mini rai, kuma har yau tana ci na.

An ce motar tana da na'urorin gani ta ko'ina. Na yarda. Amma baƙo ko da ido makaho ne. Ta ga mutane sun wuce, ba ta ga jana'iza ba. Mu ba maƙiyan zamani ba ne, mun karɓi injin casa, mun karɓi sola, ɗana ma yana karatu a jami'a. Sai dai duk baƙon da ya zo garin nan, shi yake koyon gaisuwarmu.

Buƙatuna ga su. Na farko, ku koya wa motarku cewa in makara ta fito, ta tsaya har sai na ƙarshe ya haura, ko da zai kai azahar yana jan ƙafa. Na biyu, ku ba ta alamar da za ta ce wa mutum “na gan ka, wuce,” alamar da tsohuwar da ba ta yi boko ba ma za ta gane, ku zo ku tambaye mu irin wadda muka sani. Kafin ku iya haka, ku zaunar da ɗan Adam a kujerar nan idan za ta ratsa garinmu. Na uku, kuma shi ya fi damu na, ku turo babba daga cikinku ya zo ya yi wa Baba ta'aziyya, ya tsayar da motar a gabansa, ya tsallaka da ƙafarsa ya je ya yi wa matarsa addu'a. Ba kuɗinku muke nema ba, Alhamdulillahi rumbunanmu a cike suke.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya yi wa aikinku albarka, ya tsare ka da zuriyarka. Ranar da aka ɗauko ka a kafaɗa, kamar yadda za a ɗauko kowannenmu, Allah ya sa kada wani abu ya ratsa tsakaninka da masu raka ka.

Wassalam.

Garba Ɗan'asabe,
ɗan Malam Sale da marigayiya Hansai.