Harmoniyar Baba Ta Ƙi Fitowa

Kawu Felix, don Allah ka taimake ni, kaina ya kulle. Ni ce mai kaɗa kibod a cocinmu da ke Chikaji, ina kuma karatu a Samaru. Mahaifina ya fi shekara ashirin yana kaɗa harmoniyar cocin nan, irin wadda ake taka wa iska da ƙafa. Bayan rasuwarsa gara ta cinye ta a sito. Wata mai zuwa za a yi addu'ar cikarsa shekara biyar, ni kuma bakina ya ja mini, na yi wa Mama alkawarin ranar za ta sake jin muryar harmoniyar.

Ina da manhajar sintesaiza a kwamfuta, mai kwaikwayon na'urorin kiɗa na dā. Na bi sautukan da ta zo da su kaf, na zuba amsa-kuwwa har ta yi yawa. Da na kunna wa Mama, ta kasa kunne, ta ce wai kamar sauro ya shiga kwalba, ta koma tsintar shinkafarta. A gabanta na yi dariya, a ɗaki kuwa kuka na sha. Abin da ya fi ci mini rai, ni kaina na fara manta yadda sautin yake. In janye alkawarin ne?

Mai Kibod, Samaru

'Yata, kada ki janye. Mama ta iya zolaya, amma kunnenta garau yake.

Ki rabu da sautukan kamfani, ki fara daga fanko. Kashe amsa-kuwwar nan, ado ce, sai a ƙarshe. Kunna osileta biyu, wato masu haifar da sautin, ki sa su a zubin sautin da ake kira haƙoran zarto, sannan ki ɗan kauce da muryar ɗaya kaɗan, don tsohuwar harmoniya ba ta zama daidai cif. Sauron kuwa filta ce maganinsa, wato matatar sauti: rage ta a hankali har kaifin ya tafi. Kada sautin ya faɗo da zarar kin taɓa, ki ba shi ɗan jinkiri ya kumbura kamar zuga-zugi. Ƙara ɗan hucin iska. Abu ɗaya za ki riƙa murɗawa, ki saurara, kafin ki taɓa wani. Ki gwada a lasifikar cocin, ba a abin kunne kaɗai ba.

Ba zan ruɗe ki ba, ba za ta fito sak ba, kwamfuta ba katako ba ce. Amma za ki kusa sosai, in kin daina aikin ke kaɗai. Ke kin fara mantawa, Mama ba ta manta ba. Ki haɗa filtar da mamurɗin kibod ɗinki, ki zaunar da ita kusa da ke, ki kaɗa waƙar da Baba ya fi so, ita ta riƙa murɗawa. Inda kika ga hannunta ya tsaya, kada ki tambaye ta komai, ki adana sautin.

Allah ya jiƙan Baba, ya kai mu ranar lafiya.

Kawu Felix